Fashin Baƙi: Masoyin James Bond Zai Iya Riƙe Amanar James Bond?

A watan Yunin 2025 kamfanin Amazon MGM ya sanar da cewa Denis Villeneuve, ɗan ƙasar Kanada daga lardin Quebec, shi ne zai ba da umarnin fim na gaba na James Bond, ɗan leƙen asirin nan na Birtaniya mai lamba 007. A cikin 'yar gajeruwar sanarwar da aka fitar da sunansa, mutumin bai tsaya lissafa manyan ayyukan da ya yi ba. Abin da ya sa a gaba shi ne, tun yana ƙaramin yaro yake kallon finafinan Bond tare da mahaifinsa, shi masoyi ne na gani-kashe-ni, kuma a wajensa Bond wuri ne mai alfarma. Ya yi alkawarin girmama abin da ya tarar, tare da share hanya ga sabbin finafinan da za su biyo baya.

Jama'a da dama sun yi tafi. Wasu kuwa sai suka yi tsaki, suka ce ai nan matsalar take. Wanda ya ɗauki abu da tsarki, anya zai iya taɓa shi? Gardamar tsohuwa ce a harkar fim, amma a kan Bond tana da wani ɗanɗano na daban, saboda shekara sittin da ɗoriya ana yin waɗannan finafinai ba tare da an damu a tambayi darakta ko yana son jarumin ko ba ya so ba. Dalilin da ya sa yanzu aka fara tambaya shi ne ainihin labarin.

Tun daga 1961, lokacin da Albert Broccoli, wanda ake wa laƙabi da Cubby, da abokin kasuwancinsa Harry Saltzman suka kafa kamfanin Eon, Bond kayan gidan furodusa ne. Fim na farko, Dr. No, ya fito a 1962. Saltzman ya sayar da nasa kason a 1975, sannan daga 1995 ragamar ta koma hannun 'yar Cubby, Barbara Broccoli, da agolansa Michael G. Wilson. Finafinai 25 suka fito daga wannan gida. A duk tsawon lokacin, matsayin darakta bai wuce na magini da aka ɗauko ya yi wa gidan gado kwaskwarima ba. Zai iya ba da shawara a kan fenti, har ma a kan inda za a fasa taga, amma maigida na tsaye a kansa, kuma shi ke cewa wannan bangon ba a taɓa shi. Zaɓen jarumi, amincewa da labari, da hukuncin ƙarshe a kan abin da zai fita sinima, duk na furodusa ne.

Shi ya sa in ka duba sunayen daraktocin farko, za ka ga mutanen cikin gida ne da 'yan sana'a. Terence Young, wanda ya yi uku daga cikin huɗun farko, bai tarar da wani fim da zai yi wa soyayya ba. Shi ya ɗauki Sean Connery, ɗan talakawan birnin Edinburgh da ya fara fitowa a matsayin Bond a waɗannan finafinai, ya kai shi wajen telansa, ya koya masa yadda ake sa kwat da yadda ake zama a gidan abinci na masu hannu da shuni. Da yawa daga cikin ƙasaitar da muke gani a jikin Bond, ta Young ce ya ara masa. Peter Hunt mai tace fim ne kafin a ba shi umarnin na 1969. John Glen shi ma daga ɗakin tacewa da ɗaukar fitowar faɗa ya taso, har ya yi finafinai biyar a jere daga 1981 zuwa 1989, adadin da babu wanda ya kamo. Waɗannan sun san injin ciki da waje domin a cikinsa suka koyi aiki.

Masoyan da suka zo daga waje kuwa, yawanci kora ake musu. Steven Spielberg ya sha ba da labarin yadda ya nemi Cubby ya ba shi Bond aka hana shi, kuma a cikin wannan takaicin ne George Lucas ya kawo masa labarin Indiana Jones suka yi shi tare. Quentin Tarantino ya yi ta bayyana sha'awarsa ta yin Casino Royale da Pierce Brosnan, mai fitowa a matsayin Bond a lokacin, ba a ba shi ba. Danny Boyle har an ba shi aikin fim na 25, amma a watan Agustan 2018 aka sanar da cewa ya ajiye saboda saɓanin fahimta a kan labarin. Saƙon gidan Broccoli a fili yake: mu ne masu tsaron al'ada, ba mu neman mataimaki a wannan fannin.

A watan Fabrairun 2025 wannan tsari ya zo ƙarshe. Amazon, wanda ya sayi MGM a 2022 a kan kuɗi kusan dala biliyan 8.5, ya karɓi ikon yanke hukunci a kan makomar Bond daga hannun Barbara da Wilson. Sanarwar ba ta ko huce ba sai ga Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon, a shafinsa na X yana tambayar mabiyansa wa suke so ya zama Bond na gaba. Ga mutanen da suka saba ganin Barbara tana ɓoye irin wannan magana kamar sirrin gwamnati, wannan ya tayar da hankali. Tsoron shi ne kamfani mai sayar da komai da komai zai yayyanka Bond ya yi ta fitar da shirye-shiryen talabijin: na sakatariya Moneypenny daban, na Q mai ƙera na'urori daban, na yarintar jarumin daban. Dama an ɗan ɗanɗana, domin a 2023 Amazon ya fitar da wani shirin gasa da aka lanƙaya wa lambar 007.

To a cikin wannan yanayi ne aka kawo mutumin da kalmarsa ta farko ita ce alfarma. Ni a ganina, soyayyar Villeneuve ta gaskiya ce, amma kuma ta yi wa Amazon rana. Tunda masu gadin gidan sun tafi, ana bukatar wanda zai tsaya a bakin ƙofa ya ce wa jama'a su kwantar da hankalinsu. An ɗora wa darakta aikin da a da na furodusa ne. Sai dai aikin mai gadi da aikin mai sabuntawa ba su cika haɗuwa a jikin mutum ɗaya ba, kuma Bond yanzu yana bukatar duka biyun.

Mun taɓa ganin abin da soyayya ke yi idan ta hau kujerar darakta, domin Sam Mendes masoyi ne, wanda ya fara kallon Bond tun yana yaro a zamanin Roger Moore. A Skyfall na 2012, wanda ya zo daidai da cika shekara 50 da fara finafinan, akwai wata fitowa da kowa ke tunawa. Bond ya ɗauko shugabarsa M da dare, ya kai ta wani garejin ajiya a Landan, ya buɗe ƙofa, fitila ta haska tsohuwar motar nan mai ruwan azurfa, Aston Martin DB5 ta fim ɗin 1964. Kiɗan nan da aka sani ya tashi. A kan hanya M tana ƙorafin motar ba ta da daɗin zama, sai Bond ya buɗe murfin sandar giya ya ɗora yatsa a kan jan maɓallin da ke cilla fasinja sama. A gidajen sinima mutane dariya suka yi, wasu har da tafi. Amma in ka tsaya ka yi lissafi, motar ba ta da hurumin zama a wurin. Bond ɗin Daniel Craig sabon farawa ne tun daga 2006, bai taɓa haɗuwa da mugun 1964 ba, kuma DB5 ɗin da aka nuna ya ci a teburin caca a Bahamas mota ce kawai, babu bindiga a gabanta. Mendes ya zaɓi daɗin zuciyar masu kallo a kan tsarin labari, kuma a wannan karon cacar ta biya. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1.1, ya fi kowane Bond kawo kuɗi.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin. A ƙarshen 2013 aka warware wata tsohuwar shari'a da magadan Kevin McClory, furodusan da ya yi ikirarin haƙƙin wani ɓangare na labarin Bond, wadda ta daɗe tana hana Eon amfani da ƙungiyar miyagu ta Spectre da shugabanta Blofeld. Da aka samu dama, sai aka buɗe rumbun tsofaffin kaya gaba ɗaya aka juye a fim ɗin Spectre na 2015, wanda shi ma Mendes ne ya ba da umarninsa: farar kyanwa, tabon fuska, faɗa a cikin jirgin ƙasa da ƙaton ɗan daba, asibiti a kan dutsen ƙanƙara, sansanin mugu a cikin ramin da ke tsakiyar hamada. Kowace fitowa tana nuna maka wata da ka taɓa gani, kuma waccan ɗin ta fi ta. Don a ba wa tsohon mugu sabon nauyi, sai aka ce wai shi da Bond gida ɗaya suka tashi, kuma shi ke bayan duk wahalar da jarumin ya sha a finafinai uku da suka gabata saboda kishin mahaifinsa ya fi son maraya. Ƙungiyar da ke neman juya duniya ta koma rikicin 'yan uba. Fim ɗin ya ci kasuwa, ya tara kusan dala miliyan 880, amma da wuya ka sami mai sa shi a sahun gaba. So hana ganin laifi, in ji masu iya magana, kuma a nan babu wanda ya iya cewa kayan sun yi yawa.

Kafin wannan ma an yi irin ta a 2002, lokacin cika shekara 40, inda aka cusa wa Die Another Day abin tunawa daga kusan duk finafinan baya, aka ƙara da mota mai ɓacewa daga gani. Kuɗi sun shigo, amma furodusoshin da kansu suka gane an wuce gona da iri, suka rushe suka sake lale.

Mutumin da aka kira ya yi wannan sabon lalen shi ne Martin Campbell, ɗan ƙasar New Zealand, kuma karo na biyu ke nan da ya ceto Bond. Na farko a 1995 ne, bayan shekara shida ba a yi fim ba, Tarayyar Sobiyet ta wargaje, mutane suna cewa ɗan leƙen asirin yaƙin cacar baka ya gama yayi. A GoldenEye aka kawo mace, Judi Dench, a matsayin M, ta dubi Bond ido cikin ido ta kira shi tsohon yayi mai raina mata, ragowar zamanin da ya shuɗe. Wato fim ɗin da kansa ya faɗi abin da masu suka ke faɗa, sannan ya ci gaba da harkarsa.

Na biyun, Casino Royale na 2006, ya fi tsauri. An buɗe shi da hoto baƙi da fari. Babu Q, babu Moneypenny. Kisan farko da Bond ya yi a cikin banɗaki ne, da kokawa da haki da nutsar da kai a ruwa, babu wani kwalliya. Da ya sha kaye a teburin caca ya nemi abin sha, mai zuba giya ya yi masa tambayar nan da duk duniya ta san amsarta, a girgiza ko a gauraya, sai ya watsa masa amsar da ke nuna ko a jikinsa. Cikakken kiɗan Bond da jimlar da yake gabatar da sunansa da ita, sai a daƙiƙun ƙarshe aka sake su. Duk abin da masoyi zai yi marmarin gani an hana shi sai da ya jira sa'o'i biyu da ɗoriya, shi ya sa da suka zo suka yi armashi. Kuma abin lura, wannan fim ɗin da ya fi kowanne watsar da kayan ado shi ne ya koma ga littafin farko na Ian Fleming, na 1953, ya ɗauko ƙashin bayansa.

Kada a manta da rawar da masoya suka taka a lokacin. Da aka sanar da Craig a watan Oktoban 2005, caa aka yi masa: gashinsa fari-fari ne, gajere ne, fuskarsa ba ta dace ba. Har shafin intanet aka buɗe don kiran a ƙaurace wa fim ɗin. Mendes kansa daga baya ya amsa cewa shi ma a farko bai ga dacewar zaɓen ba. Barbara ce ta kafe. Da ƙuri'ar masoya aka bi, da ba a yi Bond ɗin da yanzu su masoyan ke kuka da tafiyarsa ba.

Wannan ba ya nufin duk baƙo alheri ne. Marc Forster, wanda ya fito daga finafinan da ba na faɗa ba, ya yi Quantum of Solace a 2008 da niyyar kauce wa tsohon salo, sai aka samu fim mai yanke-yanken hoto da sauri har ba ka gane wa ya bugi wa. Gaskiya yajin aikin marubutan Hollywood na 2007 zuwa 2008 ya ritsa da labarin bai gama nuna ba, don haka laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. A wasu gidajen ma haka abin yake, babu doka guda. J.J. Abrams masoyin Star Wars ne, kuma abin da aka fi zarginsa da shi a 2015 shi ne maimaita fim ɗin 1977. Tony Gilroy bai ɓoye cewa shi ba wani masoyi ba ne, amma shirinsa na Star Wars mai suna Andor, wanda kusan labarin leƙen asiri ne, ya sha yabo fiye da yawancin abin da gidan ya fitar a 'yan shekarun nan.

Shi Villeneuve fa, wane irin masoyi ne? A nan ne nake ganin masu tsoro sun ɗan yi gaggawa, domin mutumin ya riga ya taɓa abubuwa biyu da yake ƙauna, kuma an ga yadda hannunsa yake. A 2017 ya yi ci gaban Blade Runner, shekara 35 bayan na farko. Bai kwafi labarin ba, ya gina nasa a kan tambayoyin da wancan ya bari, duk da cewa kasuwa ba ta yi masa yadda aka so ba idan aka duba kuɗin da aka kashe. Sannan ga Dune, littafin da ya karanta tun yana matashi ya yi ta mafarkinsa shekara da shekaru. Da ya zo yin fim ɗin, bai ji nauyin sa wuƙa ba. Ya mayar da wani babban jigo namiji mace, ya zubar da wasu sassa, kuma a kashi na biyu ya canza halin Chani, masoyiyar jarumin, ya mai da ita mai shakkar jarumin maimakon mai bin sa ido rufe, don ya fito da gargaɗin da marubucin ke yi a kan bin mai ceto. Masu riƙon littafi sun yi gunaguni, fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 700. Wannan mai son ma'anar abu ne fiye da kayan adonsa, kuma irinsa ba ya cika faɗawa tarkon Spectre.

Damuwata a wani wajen take. Finafinan Villeneuve nauyi gare su, shiru ya yi musu yawa, mutanen ciki ba su cika murmushi ba. Shi da bakinsa ya faɗa wa wata jaridar Birtaniya a 2024 cewa ba ya son yawan magana a fim, hoto da sauti ne ƙarfin sinima. Ta fuskar tayar da tsikar jiki babu mai ja da shi. Duk wanda ya kalli Sicario na 2015 ya san fitowar nan ta cunkoson motoci a kan iyakar Meziko da Amurka: ayarin jami'ai ya maƙale, kare na haushi a wata mota, jami'an suna leƙen motocin gefe ɗaya bayan ɗaya suna neman masu bindiga, gilashin taga na sauka a hankali. Ana daɗewa babu harbi ko ɗaya, amma numfashinka a tsaye yake. Mai iya wannan zai iya fim ɗin leƙen asiri. Amma Bond ba leƙen asiri kaɗai ba ne. Rabinsa barkwanci ne da baƙar magana da shaƙiyanci, mutum ne da za a ɗaure shi a kan teburin yanka ya riƙa tsokanar mai yankan. Zamanin Craig ya riga ya ja shi zuwa ga baƙin ciki har inda ba a iya wucewa, tunda a No Time to Die na 2021, mai tsawon minti 163, kashe shi aka yi. Idan aka ƙara nauyi a kan wannan nauyin, za a iya samun fim mai kyan gani wanda mutum ba zai yi marmarin sake kallo ranar hutu ba.

Mutuwar nan ta Bond ta sa dole a fara daga tushe, kuma a nan ne za a jarraba soyayyar. Akwai masoya da yawa da ke kiran a mayar da labarin shekarun 1960, zamanin katangar Berlin da wayar tangaraho, inda babu wayar hannu da za ta ɓata wa marubuci lissafi. Abin yana da daɗin ji. Amma tun daga 1962 kowane fim na Bond a zamaninsa yake faruwa: an yi na gasar zuwa sararin samaniya, an yi na matsalar makamashi a 1974, an yi na attajirin kafafen yaɗa labarai a 1997, an yi na masu kutse a kwamfuta a 2012. Ranar da aka mayar da shi baya, an amsa cewa ba shi da abin cewa a kan yau. Darakta mai kewar yarintarsa da zaman kallo kusa da mahaifinsa shi ne ya fi kowa fuskantar wannan jarraba.

Kuma ko kalmar masoyin Bond ɗin ma ba ta faɗi komai ba sai an ce na wanne. Na Connery mai sanyin kisa, ko na Moore mai ɗaga gira, ko na Timothy Dalton mai ɗaure fuska, ko na littafin Fleming, wanda ke cike da ra'ayoyin Turawan mulkin mallaka a kan mata da baƙaƙen fata waɗanda yau ba za su shiga fim ba? Waɗannan mutane ne daban-daban da suka yi tarayya a lamba ɗaya, kuma masoyan kowanne suna ganin nasu ne na ainihi.

Saboda haka in aka tambaye ni ko a ba masoyi, sai in ce a ba shi, muddin ƙwarewarsa ce ta kawo shi, kuma akwai wanda zai iya ce masa a'a. Mendes ya yi Skyfall da Spectre da zuciya ɗaya, bambancin shi ne a na farko mota ɗaya ya fito da ita daga gareji, a na biyu ya kwashe garejin duka. Yanzu masu cewa a'a ɗin su ne Amy Pascal da David Heyman, furodusoshin da Amazon ya naɗa a watan Maris na 2025. Pascal ta san gidan, domin tana shugabancin sashen fim na Sony lokacin da kamfanin ke rarraba finafinan Craig na farko. Heyman shi ya riƙe finafinan Harry Potter takwas da daraktoci huɗu. Rubutun labarin kuma an ba Steven Knight, mai Peaky Blinders, wanda aka sani da iya sa wa mutane kaifin baki, abin da Villeneuve ya ce bai dame shi ba. Sai dai su ukun ɗaukar su aiki aka yi, saɓanin Barbara da ta gaji abin daga mahaifinta kuma take iya jinkirta fim shekaru in ba ta gamsu ba. Hukunci na farko da zai nuna wa ke da ta cewa shi ne zaɓen jarumi, kuma a 2005 wanda aka zaɓa shi ne wanda masoya suka ce ba sa so.